Komai ya gundure ni, alhali ban rasa komai ba

Malam, barka da aiki. Shekaruna 36, ina da mata da 'ya'ya biyu, ina da aikin yi, lafiyata ƙalau. In aka ce in nuna abin da na rasa, ba zan iya ba. Amma kusan shekara biyu ke nan komai ya gundure ni. In ina wurin aiki in ƙagu in koma gida, in na koma gida in rasa abin da ya sa na ƙagu. Ni da matata ba ma faɗa, sai dai hirarmu ba ta wuce ta yara da hidimar gida. Abokaina kuwa, kafin su buɗe baki na san abin da za su ce. Na gwada motsa jiki, na gwada kallon finafinai, na sayi littattafai, har wani kwas na shiga ta intanet, kowanne sati biyu ne ya fita daga raina. Yanzu waya nake latsawa har dare ya raba, ita ma ba don tana yi mini daɗi ba. Ni ba mai yawan magana ba ne. Ko lokacin da mahaifina ya rasu bara waccan, ni ne na riƙe kowa, ban bari an ga hawayena ba. Matata takan tambaye ni ko lafiya, in ce mata lafiya lau, don gaskiya ban san me zan ce ba. Don Allah a ba ni shawarar wani abin da zan riƙa yi da zai ɗebe mini wannan gundura.

Daga wani mai karatu

Ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta.

Ka nemi in ba ka abin yi na biyar, bayan huɗu sun mutu a hannunka. Ba zan ba ka ba, domin na biyar ɗin ma sati biyu zai yi. Ka bar ni in nuna maka wani abu da kai da kanka ka rubuta. A farkon wasiƙarka ka ce gundurar ta kai kusan shekara biyu. A ƙarshenta ka ce mahaifinka ya rasu bara waccan. Ka ajiye maganganun nan biyu nesa da juna kamar ba su san juna ba, rasuwar ma ka kawo ta ne a matsayin misalin cewa ba ka da surutu. Ban isa in rantse cewa ɗaya ce ta haifi ɗaya ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma da ni ne kai, daga nan zan fara dubawa.

Mu fara da ita kanta gundurar, don yawancinmu mun ɗauke ta rashin abin yi ne. John Eastwood, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar York da ke Toronto a Kanada, ya daɗe yana nazarinta. A 2012 shi da abokan aikinsa suka bayyana ta da cewa hali ne na mutumin da yake son ya tsunduma cikin wani abin da zai gamsar da shi, amma ya kasa. So yana nan, kamawar ce babu. Shi ya sa za ka ga mutum aiki ya yi masa yawa har ba ya samun lokacin kansa, kuma a gundure yake. Kafin nan, a 2007, Eastwood ɗin ya fitar da wani binciken da ya fi shafarka: mutanen da suke shan wahalar gane abin da ke ransu da sa masa suna sun fi sauran mutane saurin gundura. Wannan hali har suna gare shi a likitance, alexithymia, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Peter Sifneos ne ya raɗa masa a farkon shekarun 1970, da kalmomin Girkanci masu ma'anar rashin kalmar faɗin abin da ake ji. Dubi jimlarka ta kusa da ƙarshe: "don gaskiya ban san me zan ce ba."

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Abin da kake ji a rai shi ne yake gaya maka abin da kake so. Kewa ce take tura ka neman wani, tsoro ne yake nuna maka abin da ba ka son rasawa, haushi ne yake faɗa maka an taka maka wani abu mai daraja. Wanda ya daina jin waɗannan ya zama matafiyin da bai san inda ya dosa ba, kowace hanya ɗaya ce a wurinsa. In ka taɓa zuwa cire haƙori ka san yadda allurar kashe zafi take. Haƙori ɗaya ake nufi, amma leɓe da kunci da gefen harshe duk sai su mutu, ka taɓa fuskarka ka ji kamar ta wani ce. Zuciya ma haka take karɓar allura. Ka yi ta maza ranar da aka yi rashi, ka cije don kada na ƙasa da kai su karaya, kuma wataƙila a ranar abin da ya dace ke nan. Matsalar ita ce ba ka koma ka warware ba. Ka kashe wurin da baƙin ciki yake, sai marmari da sha'awa da dariyar gaske suka bi shi, don maƙwabtan juna ne.

Wayar da kake latsawa har tsakar dare ba ta ba ni mamaki ba. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Virginia a Amurka ya sa mutane su zauna su kaɗai a ɗaki na minti 15, ba waya ba littafi, sai tunaninsu. A ɗakin akwai wani maɓalli da in ka danna lantarki zai ɗan ja ka. Duk an ɗanɗana musu jan tun farko, yawancinsu kuma suka ce za su iya biyan kuɗi don kada a sake. Da aka bar su da kansu, a cikin waɗanda suka faɗi haka, maza 12 cikin 18 suka danna, mata kuma 6 cikin 24. Mutum ya gwammace lantarki ya ja shi da ya zauna da abin da ke cikinsa. Taka wayar ita ce maɓallin, sai dai ita ba ta da zafi, shi ya sa ake kai ƙarfe biyu na dare a kanta.

To, yanzu ga inda nake so mu daɗe. Ka ce kafin abokanka su buɗe baki ka san abin da za su ce. Na yarda. Amma ka taɓa tunanin su ma kafin ka buɗe naka sun sani? Hira tana yin armashi ne idan akwai abin da ba a san yadda zai ƙare ba a cikinta. In kowa ya zo da abin da ba zai taɓa shi ba, ƙwallo, siyasa, tsadar rayuwa, wane ya sayi mota, to an riga an san ƙarshen zancen tun kafin a fara, kamar kallon wasan da aka gaya maka sakamakonsa. Kana zaune da mutane, amma wanda ka turo ya zauna da su wakilinka ne, mai fara'a, mai "ba komai", kai kuwa kana can ciki ka kulle ƙofa kana jiran a tashi. Wa zai ƙi gundura a haka?

A gida abin ya fi ciwo. Bari in zana maka daren jiya, ka gaya mini in na yi kuskure. Yara sun yi barci. Kana kishingiɗe, hasken waya a fuskarka. Ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ɗan yi shiru, ta ce, "Wai lafiya kuwa?" Ba ka ɗago ba ka ce, "Lafiya lau. Gajiya ce." Ta ɗan ƙara jira, ko za a samu ƙari. Ba a samu ba. Sai ta ce maka ƙaramin yana tari, ka ce a kai shi asibiti gobe, ta kashe fitila. A ganinka hirarku ba ta wuce ta yara. Ni a ganina ta ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba, sai ta koma ga zancen da ta san za a amsa mata. Macen da take maimaita wannan tambaya har shekara biyu ta ga wani abu, labarin zuciya ai a tambayi fuska. Abin da ba ta sani ba shi ne ko mene ne, kuma wanda aka bari cikin duhu mummunan zato yake yi. Ba mamaki tana can tana tuhumar kanta, ko tana zargin wata ce a waje.

Kada ka ɗauka shirunka yana hutar da ita. A 2003 Emily Butler da James Gross na Jami'ar Stanford sun haɗa mata biyu-biyu da ba su san juna ba, suka nuna musu fim mai tayar da hankali, suka ce su tattauna a kai. A ɓoye aka umarci wasu su danne duk abin da suke ji, kada ya fito a fuskarsu. Abin da aka gani shi ne jinin abokan hirar tasu ya hau, su da ba su san an ba da wani umarni ba, kuma ba su ji sun saki jiki da masu dannewar ba. Jikin mutum yana gane ana ɓoye masa abu ko da hankalinsa bai kai ba. Akwai kuma binciken da aka wallafa a 2009, wanda ya bi ma'aurata 123 a Amurka: waɗanda suka ce zaman ya gundure su a shekara ta 7 da aure, su ne aka tarar gamsuwarsu ta fi raguwa a shekara ta 16. Rashin faɗa da kake faɗi abin godiya ne, amma kada ka jingina da shi. Akwai gidajen da shiru ne ya cinye su, maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba.

Maganin da nake ba ka ƙarami ne a baki, mai nauyi a aikace: ka faɗa wa mutum ɗaya gaskiya ɗaya game da abin da ke ranka, irin gaskiyar da sai ka ji gabanka ya faɗi kafin ta fita. Wannan faɗuwar gaban ita ce alamar ka taɓo wurin da yake da rai, kuma ba a haɗa ta da gundura a lokaci guda. A 1997 wani masanin halayyar ɗan Adam, Arthur Aron, ya zaunar da baƙin juna biyu-biyu, ya ba wasu tambayoyi 36 da suke farawa da sauƙi suna ƙara zurfi, wasu kuma ya ba su na hirar sama-sama. Cikin masu zurfin har da yaushe rabonka da kuka a gaban wani, yaushe kuma rabonka da kuka kai kaɗai. Cikin minti 45 kacal, masu tambayoyin zurfi suka tashi suna jin kusanci da juna fiye da ɗaya rukunin nesa ba kusa ba. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba ke nan. Kai kuma shekara nawa kana kwana ɗaki ɗaya da wadda ba ta san amsarka ga waccan tambaya ba?

Na san abin da zai zo maka: za a raina ni, girmana zai zube, ni da ake jingina da ni. Kowa haka yake ji, kuma an auna wannan tsoron an ga ya fi abin da ake tsoro girma. A 2018 Anna Bruk da abokan aikinta a Jami'ar Mannheim ta Jamus sun nuna cewa mutum yana kallon bayyana rauninsa a matsayin gazawa, amma in wani ne ya yi abu iri ɗaya a gabansa sai ya gan shi a matsayin ƙarfin hali. Ma'auni biyu muke riƙe da su, mai tsanani namu, mai sassauci na mutane. A 2021 kuma Nicholas Epley na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka gano mutane suna zaton hira mai zurfi za ta fi zama abin jin nauyi fiye da yadda take zama in an yi ta, suna kuma raina yadda ɗaya ɓangaren zai damu da abin da suka faɗa.

Ni kaina na yi wannan wauta, shi ya sa nake maka magana da ƙarfin gwiwa. Ina da aboki da muka fi shekara ashirin tare, har na fara gudun kiransa don hirar ta zama ɗaya kullum. Wata rana ya rage mini hanya, muka tsaya a cunkoso, ban san abin da ya shiga kaina ba na ce masa watanni ke nan ina jin kamar na ɓata rayuwata a aikin da ba na so, kuma ina jin kunyar faɗa. Ya riƙe sitiyari bai ce komai ba har na fara nadama. Can ya rage sautin rediyo, ya ce shi kuma rabonsa da barcin kirki tun da likita ya ce a sake duba wani abu a jikin 'yarsa, bai gaya wa kowa ba. Wata huɗu yana ɗauke da wannan, muna haɗuwa muna musun ƙwallo. Mun kai ƙofar gidana muka yi awa guda a cikin mota. Mutumin da na yanke wa hukuncin ba shi da sabon zance, ashe ni ne ban taɓa ba shi hanya ba.

Tunda ka ce ba ka san me za ka ce ba, fara da takarda. James Pennebaker, shi ma masanin halayyar ɗan Adam ne, ya gwada wannan tun 1986: minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, mutum ya rubuta abin da ya fi damunsa da yadda yake ji game da shi, ba gyara ba ado. Ka ajiye wayar a wani ɗaki. Ka rubuta wa mahaifinka in ka ga dama, abin da ba ka samu faɗa masa ba, har da wanda ba shi da daɗi. Duk inda hannunka ya rubuta "gundura" ko "gajiya", ka tsaya ka tambayi kanka wace kalma ce a ƙarƙashinta. Kewa ce? Haushin an bar maka nauyin kowa ba wanda ya tambayi naka? Tsoron yanzu kai ne babba, babu wanda za ka kai wa ƙara? Ko kuwa ba rasuwar ba ce sam, wani buri ne da ka binne tun da daɗewa? Ina faɗa maka tun yanzu, waɗanda suka yi irin wannan rubutu sukan tashi da nauyin zuciya a kwanakin farko. In allura ta fara saki, zafi ne yake fara dawowa. Kada ka ce abin ya ƙara lalacewa ka gudu.

Sannan ka jira tambayarta, don za ta sake yi. A wannan karon ka kife wayar, ka ce, "A gaskiya ba lafiya lau ba. Na daɗe ba na jin daɗin komai, kuma ban san dalili ba. Ba laifinki ba ne." Jimlar ƙarshen nan kada ka manta da ita. Akwai tazara mai nisa tsakanin "komai ya fita daga raina" da "zaman nan ya gundure ni", ta farko buɗe ciki ce, ta biyu tuhuma ce, kuma in ta ji ta biyu kare kanta za ta shiga yi, daren ya ƙare a rigima. Ba sai ka feɗe biri har wutsiya a zama ɗaya ba. In ta fara jero maka magunguna, ka ce mata saurare kawai kake so yau. In ta yi kuka, ka bar ta, ba ɓarna ka yi ba. Daga nan ka juya tambayar, ka ce ita fa, me take ɗauke da shi da ba ta faɗa maka ba? Ka shirya jin abin da ba ka zata ba. Shekara biyun nan ita ma ta rayu a cikinsu.

Ban ce ka zama mai tallan cikinka ba. Zurfin ciki yana da ranarsa, kuma baki shi ke yanka wuya. Ba kowa ne ya cancanci jin rauninka ba: wanda yake kawo maka sirrin wasu zai kai naka, wanda ya taɓa yi maka gori da abin da ka gaya masa ya riga ya ba ka amsa. Rubuta damuwarka a Facebook don jama'a su yi ta turo maka addu'a da hoton zuciya shi ma wata latsa wayar ce, ba ya maye gurbin ido da ido. Cikin abokanka ka zaɓi ɗaya, ka ɗan gwada shi da ƙaramin abu ka ga yadda zai riƙe. Zai yiwu ya mayar da shi wasa don shi ma bai saba ba. In haka ta faru kada ka ce ai ga shi nan, dama na sani. Ka ba shi wata dama, ko ka gwada wani. Kana da 'yan'uwan da kuka yi rashin nan tare, kuma ina kyautata zaton akwai wanda a cikinsu yake ganin kai ba ka ji mutuwar ba, tunda bai ga alama ba.

Abu ɗaya kuma da ba zan tsallake ba. Wani lokaci abin da mutum yake kira gundura ciwon damuwa ne, wanda likitoci suke dubawa idan rashin jin daɗin komai ko ƙuncin rai ya kai sati biyu yana nan kusan kullum, tare da canjin barci ko na ci, kasala, kasa tattara hankali, ko jin kai ba ka da amfani. Kai kana maganar shekara biyu. Ka je ka ga likita ko ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ka karanta masa wasiƙar nan yadda ka rubuto mini ita. In kuwa tunanin gara mutuwa ko na cutar da kanka ya taɓa gifta maka, to yau za ka je, kuma ka gaya wa matarka kafin ka fita. Ciwo ne da ake magani, kuma zuwa wurin likitan ma wani buɗe cikin ne.

Littattafan da ka saya kada ka bayar, takalmin motsa jikin ma ka ajiye shi. Ina zaton za ka koma musu, kuma za ka tarar ba su ne suke da laifi ba. In ka tashi komawa, ka ja wani ku yi tare, ita ko abokin da ka zaɓa, musamman abin da dukanku ba ku iya ba, wanda za ku yi kuskure ku yi wa juna dariya. Bayan wata guda ka sake rubuto mini. Ba sai ka gaya mini abin da ta ce ba, wannan naku ne. Ina so in ji kalmar da ka samu a ƙarƙashin "gajiya", da kuma ƙarfe nawa kake ajiye waya yanzu.